Bura ta ishe mu darasi: kuɗin tarihi ya sauka ƙauye

Jama'a, mu ɗan koma baya zuwa 1975. A shekarar nan ne aka ci karo da wasu kawunan mutum-mutumi na yumɓu a Bura, can cikin yankin Tera na jahar Tilaberi. Sai a 1983 masanin nan Boubé Gado da ƴan cibiyar bincike ta IRSH ta Yamai suka tone wurin a tsanake. Abin da suka tarar maƙabarta ce: ɗaruruwan tuluna dogaye an kife su bisa kaburbura, wasu da kan mutum a sama, har da mahayi kan dokinsa. Masana sun ce mutanen sun rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13.

To daga nan ne fa labarin ya ɓaci. A 1993 aka kai kayan Bura baje koli a Faransa, attajiran Turai suka gani, suka ƙyasa. A 1994 kuma darajar sefa ta faɗi da rabi. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka, manomin da rumbunsa ya ƙare ya ɗauki magirbi ya shiga tonon kaburbura. Ana ba shi ƴan jikkuna, abin kuma in ya isa Paris ya koma dukiya. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta zo, ICOM ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana fatauci a 2000, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Mu dai ba mu ga laifin mai yunwa sosai ba. Wa ya taɓa zuwa ya zauna da shi ya ce ga amfanin tulun nan a inda yake? Tulu in an tumɓuke shi, gawayin da ke gefensa, wanda da shi ake gane shekaru, ya watse. Zurfin da aka same shi, da abin da ke ƙarƙashinsa, duk sun bi iska. Sai ya zama kayan ado kawai a falon wani.

Kuma kar mu ce wannan matsalar ƴan yamma ce. A Damagaram akwai Kufan Kanawa, inda baka ta ce nan Kanawa suka fara zama, wadda Anne Haour ta yi bincike a cikinta. Kufai nawa ne a Maraɗi da Tawa da garma ke bi ta kansu kowace damina, tana fito da tsingaro da kashin maƙera?

Kuɗin bincike galibi daga waje yake zuwa, ya yi wata ɗaya ko biyu, ya tafi da masu shi. Abin da muke roƙo ƙarami ne: kowace kwamin da ke da kufai ta ware wani abu cikin kasafinta. A biya mai gadi ɗan garin duk wata. A koya wa samari auna wuri da ɗaukar hoto, su yi aiki tare da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni. A naɗi muryar tsofaffi tun suna raye, don su suka san sunan kowane tudu. A sami ɗaki ɗaya kusa da lakwal ko fadar mai gari, inda yara za su ga abin da aka tono a gonar kakansu ba sai sun je Yamai ba.

Lokacin zaman kasafin kuɗi na kwamin ɗinku, wa zai tashi ya tada maganar?