Motar Rairayi da Motar Fadama: Tarihin Sake Ƙera Mota a Ƙasar Haɗejiya

Ƙasar Auyo, wadda ke kudu maso yammacin birnin Haɗejiya a Jihar Jigawa, tana zaune ne a kan ƙasa iri biyu da ba sa jituwa da tayar mota, kuma kowace da irin wahalar da take jawo wa direba. Akwai jigawa, wato tudun yashi mai laushi wanda iskar hamada ta tara tun zamanin da, inda taya ke nutsewa tana juyawa a wuri ɗaya. Akwai kuma fadamar kogin Haɗejiya, mai baƙar laka da ke tsagewa da rani, ta koma taɓo mai danƙo da zarar damina ta kankama ko kogi ya yi ambaliya. Duk wanda ya nemi sanin yadda aka koyi sarrafa mota a wannan yanki, da yadda sana'ar kanikanci ta ɗauki kamannin da take da su a yau, dole ya fara da waɗannan ƙasashe biyu, domin su ne suka tilasta wa masu gyara su riƙa sauya abin da masana'anta ta ƙera maimakon su tsaya a kan mayar da shi yadda ya zo.

Mota ba ta riga jirgin ƙasa tasiri a nan ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya bar birnin Haɗejiya da garin Auyo a gefe. Saboda haka, gyaɗa da fatu da sauran amfanin ƙasar sai da aka riƙa ɗaukarsu a kan jakuna da raƙuma zuwa tasha, kuma wannan tazara da ke tsakanin gona da tasha ita ce gurbin da manyan motocin ɗaukar kaya suka zo suka cika sannu a hankali. Irin waɗannan motoci sukan iso ne da inji da kan direba da shasi, wato ƙashin ƙarfen da komai na mota ke zaune a kansa, sai kafintoci su ɗora musu bodin katako gwargwadon kayan da za su ɗauka. Tun daga wannan lokaci mutanen Arewa suka saba da ganin mota a matsayin abin da ake ƙarasa ƙerawa a gida.

A wani ɓangaren duniya kuma, matsalar yashi ta haifar da wata irin mota da aka yi ta don nishaɗi, wadda ake kira bagi: ƙaramar mota marar nauyi, marar ƙofofi, mai faffaɗan taya, wadda yawanci mai ita ne ke harhaɗa ta da hannunsa. Wanda ya fi shahara a tarihinta shi ne Bruce Meyers, mai ƙera ƙananan jiragen ruwa a Kalifoniya ta Amurka, wanda ya fito da Meyers Manx a 1964. Dabarar da ta yaɗu daga gare shi ita ce a samo tsohuwar Volkswagen Beetle, a cire gangar jikinta, a yanke shimfiɗar ƙasanta a gajarta ta, sannan a ɗora mata jiki marar nauyi na zaren gilashi da aka daskarar da danƙo. Zaɓin Beetle yana da dalili na aiki, domin injinta a baya yake, nauyinsa na danne tayoyin da ke tura motar, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ya buƙatar lagireto da ruwan da zai tafasa a cikin zafi. A 1967 wata Manx ta lashe tseren farko na yankin Baja a Meziko, daga Tijuana zuwa La Paz, kuma daga nan harhaɗa bagi a garejin gida ya zama abin sha'awar dubban mutane.

Abin lura shi ne cewa ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba baƙi ba ne a tarihin gwada mota a kan yashi, ko da yake kusan kullum su ne filin gwajin, wasu ne masu motar. Ayarin Citroën da Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil suka jagoranta, mai motoci da aka sa wa sarƙar roba a madadin tayoyin baya, ya tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a Oktoban 1924, ya bi ta Yamai da Damagaram kafin ya nufi tafkin Chadi. Shekara hamsin bayan haka, a 1974, tseren da aka shirya albarkacin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ya tashi daga Landan, ya keta Sahara ta Tamanrasset har Kano, ya juya ya nufi Munich, kuma motoci 19 kacal suka kai ƙarshe, wata Citroën DS da 'yan Ostareliya ke tuƙawa ce ta zo ta ɗaya. Sai kuma tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓace a hamada a kan babur a 1977. Karon farko ya tashi ranar 26 ga Disamban 1978 da ababen hawa 182, ya bi ta Agadas da Yamai, 74 suka isa Dakar. A shekarun farko mahalarta da yawa mutane ne da suka gyara motocinsu da kansu, kamar 'yan'uwan nan biyu na gidan Marreau da suka shiga da ƙaramar Renault 4, kuma ko bayan manyan kamfanoni sun mamaye tseren, Jean-Louis Schlesser ya lashe shi a 1999 da 2000 da bagin da garejinsa ya ƙera. Barazanar tsaro ta sa aka soke tseren 2008, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A Nijeriya, abin da ya fi kusa da wannan shi ne tseren motocin da aka sha haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu.

Kayan da ake buƙata don a harhaɗa bagi sun taɓa wadata a Nijeriya, domin a 1975 aka fara harhaɗa Beetle a Legas, a shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da 504. Amma sha'awar bagi ba ta yi saiwa ba, kuma dalilin ya wuce rashin kuɗi kawai. Mai bagi yana cin nasara a kan yashi ne ta hanyar rage nauyi: ya cire rufi, ya cire kujeru, ya bar mutum ɗaya ko biyu. Shi kuwa ɗan kasuwar Auyo ko Kafin Hausa, amfanin mota a wurinsa shi ne yawan buhunan shinkafa da kwandunan tattasai da busasshen kifin da za ta fitar daga fadama zuwa kasuwar Haɗejiya, don haka buƙatarsa ta tura bakanike zuwa kishiyar hanya. Ilimin ɗaya ne, wato sanin yadda nauyi ke rarrabuwa a kan tayoyi da yadda ƙarfe ke jure girgiza, amma inda wancan ke ragewa, wannan ƙarawa yake yi.

Akori-kura, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, musamman ƙirar 504 da kuma Toyota daga baya, ita ce ta fi shan wannan aiki. Bakanike yakan ƙara wa sifirin na baya ganye, wato waɗancan faifayen ƙarfe da ake jerawa a ɗaure don su ɗauki nauyi, abin da ke ɗaga motar daga ƙasa ya kuma hana ta durƙushewa, ko da yake yana sa ta tsalle idan babu kaya. Mai walda yakan lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi mata keji a baya, ya yi wa shasin faci a wuraren da ya san tsatsa da lodi sukan karya, ya kuma ɗaure salansa sama don kada ta bugi tudun da tayoyin manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya. Direba kuma yana da nasa sani da babu littafin da ya koya masa: a kan jigawa ana rage wa taya iska don ta shimfiɗu, ana riƙe giya ɗaya ba tare da tsayawa ba, yayin da a taɓo ake neman taya mai haƙora da kuma sawun wanda ya riga ya wuce. Rage iskar taya ita ce dabarar da direban tseren Dakar ya riƙa amfani da ita a hamadar Tenere, sai dai shi direban fadama yana yin ta ne da lodin da ya ninka abin da masana'anta ta ƙayyade, kuma ba za a ɓoye ba cewa birki, wanda ba kasafai ake ƙarfafa shi daidai da sifirin ba, shi ne raunin wannan tsari, kuma sanadin haɗurra da dama.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa sana'ar kasuwa. Na farko shi ne sauyin da aka yi wa kogin kansa, domin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, tare da aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya da ke ƙasar Auyo a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, sun sa ana noma da kwashe amfani rani da damina, yayin da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya riƙa malala inda da ba ya zuwa, hanyoyin ƙauyuka suka riƙa yankewa. Injinan ban-ruwa da suka yaɗu tun shekarun 1980 sun kuma samar wa yaran gareji makarantar farko ta kwance inji da ɗaure shi. Na biyu shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar naira har sabuwar mota ta gagari matsakaicin ɗan kasuwa. Daga nan farfaɗo da tsohuwa ya zama ƙa'ida: a sauke inji a sauya masa ringi da fistin, ko a sayo wani na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a kai wa mai gyaran waya, a kai wa mai bugun jiki da fenti, motar da aka yi wa kallon gwangwani ta koma hanya. Koyon aikin kuwa bai canza ba, yaro ne ke zama a hannun maigida shekaru yana wanke kayan inji da miƙa sifana kafin a yaye shi.

Ko motar da ta mutu murus ba ta fita daga aikin fadama, domin ƙarfen da ke riƙe tayoyinta na baya, tare da tayoyin, shi ake kai wa maƙera da masu walda su gina amalanken shanu a kansa. Wannan amalanke, wanda bijimai biyu ke ja, shi ne ke kai taki gona ya kwaso dami a wuraren da akori-kura ba ta shiga, kuma idan aka auna da ma'aunin mai bagi, wato abin hawa marar nauyi da aka harhaɗa a gida daga sassan tsohuwar mota don ƙasar da babu kwalta, shi ne ya fi cancantar sunan a ƙasar Auyo. Tun daga farkon shekarun 2000 babura masu araha na Sin da Indiya sun karɓe yawancin jigilar mutane tsakanin ƙauyuka, kuma gyaransu ya ja matasa da yawa daga garejin mota. A shekarun babbar ambaliya, irin su 2018 da 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya shanye gonaki da hanyoyi a Auyo da kewayenta, babur da amalanke da akori-kura duk a bakin ruwa suke tsayawa, a sauke kaya a ɗora wa kwalekwale.