Daga Warsaw Zuwa Legas: Yadda Aka Fara Biyan Fasinja Diyyar Jinkirin Jirgi



A daren 27 ga Maris, 2008, wani magidanci da 'ya'yansa biyu suna filin jirgin sama na Legas, suna jiran jirgin Lufthansa da zai kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus. Jirgin ya samu matsala, aka kwashe fasinjoji zuwa otal, sai da aka turo wani daga Jamus. Ba su isa ba sai bayan fiye da awa 24 a kan lokacin da ke rubuce a tikitinsu. Da mu ne, da yawanmu sai mu ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, mu ɗauki jakunkunanmu mu wuce. Su kuwa kotu suka nufa, kowannensu yana neman Yuro 600. Za mu dawo kan yadda ta kaya, amma sai mun fara komawa baya mu ga inda wannan haƙƙi ya samo asali.

A ranar 12 ga Oktoba, 1929 aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Warsaw, ta fara aiki a 1933. A lokacin sufurin sama jariri ne, haɗari ɗaya na iya karya kamfani. Saboda haka yarjejeniyar ta fi damuwa da kare kamfanoni. Ta ƙayyade cewa abin da za a biya a kan fasinja ɗaya ba zai wuce 125,000 na kuɗin Faransa na zinariya ba, wato kimanin Dala 8,300. Sashe na 19 ya ce kamfani ne ke da alhakin asarar da jinkiri ya jawo. Sai dai fasinja ne zai kawo hujjar cewa ya yi asara, kamfani kuma na iya kuɓuta idan ya nuna ya yi duk abin da ya kamata. Wanda ya kwana a kan benci bai rasa ko kwabo ba, ba shi da abin nema. A 1955 aka ninka kuɗin a birnin Hague. Amurka ta ce har yanzu ya yi kaɗan, ta yi barazanar ficewa, sai kamfanoni suka amince a 1966 su ɗaga shi zuwa Dala 75,000 ga tafiye-tafiyen da suka shafe ta.

Wata matsalar kuma ita ce sayar da tikiti fiye da yawan kujeru. A 1972 kamfanin Allegheny ya hana wani fasinja hawa jirgi a Washington alhali yana da tikitinsa, ashe Ralph Nader ne, shahararren lauyan nan mai kare haƙƙin masu saye. Ƙararsa ta kai har Kotun Ƙolin Amurka a 1976, ta kuma tona wa jama'a wannan dabara. Duk da haka, har yau Amurka ba ta da dokar tarayya da ke tilasta biyan diyya saboda jinkiri kawai.

A ranar 28 ga Mayu, 1999 aka yi Yarjejeniyar Montreal domin ta maye gurbin ta Warsaw, ta fara aiki a 2003. Ta sa iyakar diyyar jinkiri a kan 4,150 na ma'aunin kuɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, ana kuma ƙara adadin lokaci-lokaci. Ta ba fasinja shekara 2 ya shigar da ƙara. Najeriya ta shigar da ita cikin dokarta ta sufurin sama ta 2006. Amma tsohon sharaɗin yana nan: sai ka tabbatar da asara, da rasit da takarda.

Tarayyar Turai ce ta sauya salon. Dokarta mai lamba 261 ta 2004, wadda ta fara aiki ranar 17 ga Fabrairu, 2005, ta yanke kuɗi tsayayye ba tare da neman hujjar asara ba: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga matsakaiciya, Yuro 600 ga wadda ta haura kilomita 3,500 tsakanin Turai da wajenta. Ta kuma wajabta abinci, kiran waya da otal. Kamfani na kuɓuta daga diyyar idan ya sanar da sokewar tun saura mako 2, ko idan abin da ya faru ya fi ƙarfinsa.

A nan ne muke so mu marubuta mu buɗe ido. Dokar ta ambaci diyya ga wanda aka soke jirginsa da wanda aka hana hawa. Game da jinkiri kuwa, kulawa ta ambata, da mayar da kuɗin tikiti bayan awa 5. Ke nan kuɗin ya rataya a kan kalma ɗaya, kuma kamfanin da zai biya shi ne ke zaɓar kalmar. Muddin ya ce jinkiri ne, ko kwana aka yi, babu diyya. Haka aka yi wa wasu iyali da suka taso daga Toronto zuwa Frankfurt a 2005, suka makara da kimanin awa 25. A ranar 19 ga Nuwamba, 2009, a shari'ar da aka sani da sunan Sturgeon, Kotun Tarayyar Turai ta ce wanda aka jinkirta da wanda aka soke wa abu ɗaya suka rasa, wato lokaci, don haka ba za a bambanta su ba. Duk wanda ya isa a makare da awa 3 ko fiye, a biya shi.

Kamfanoni ba su ji daɗi ba, suka ce hukuncin ya saɓa wa Yarjejeniyar Montreal. Ƙarar mutanenmu na Legas, wadda ake kira shari'ar Nelson, ita aka haɗa da ta wasu kamfanoni daga Ingila, har da British Airways da easyJet, domin a warware takaddamar. A ranar 23 ga Oktoba, 2012 kotun ta tsaya a kan bakanta. Ta ce ɓata lokaci wahala ce da kowane fasinja ya sha daidai da ɗan uwansa, daban take da asarar da Montreal ke magana a kai, saboda haka dokokin biyu ba su ci karo ba.

Sauran kalmomin ma sai da aka yi shari'a a kansu. Mene ne abin da ya fi ƙarfin kamfani? A 2008 kotun ta ce lalacewar inji ta yau da kullum ba ta ciki, domin gyaran jirgi aikin kamfani ne. Aman wutar dutsen ƙasar Iceland na Afrilun 2010, wanda ya rufe sararin samaniyar Turai na kwanaki, yana ciki; amma a 2013 kotun ta ce ko a irin wannan hali dole kamfani ya ciyar da fasinja ya ba shi makwanci. Yaushe ake cewa jirgi ya iso? A 2014 aka yanke cewa sai an buɗe ƙofa an ba mutane damar fita, ba lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba.

To, ina wannan ya shafe mu? Dokar Turai tana aiki a kan duk jirgin da ya taso daga ƙasashen Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin kamfanin Turai da ya nufi can. Wanda ya tashi daga Abuja zuwa Frankfurt a Lufthansa yana ƙarƙashinta. Wanda ya bi kamfanin da ba na Turai ba, sai a dawowa za ta yi masa amfani. Ingila ta riƙe irin wannan doka bayan ficewarta daga Tarayyar, da fam 220 zuwa 520. Mai tafiya Jidda ko Dubai daga Kano kuwa, Yarjejeniyar Montreal ce tasa, tare da kashi na 19 na dokokin hukumar NCAA da ya tanadi haƙƙin fasinja. Shi ya sa ajiye katin shiga jirgi da rasit ɗin otal da na abinci yake da muhimmanci.

Abin da ke damunmu shi ne, yawancin wannan bayani da Turanci yake, alhali 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu da masu zuwa Umara suna kwana a filayen jirgi ba su san abin da doka ta ba su ba. Haƙuri hali ne mai kyau, amma wanda bai san yana bin bashi ba, ba za a ce ya yafe ba. Mu da muke riƙe da alƙalami, aikinmu ne mu samo wa waɗannan dokoki kalmomin Hausa da za su zauna daidai, mu bambanta jinkiri da sokewa, diyya da mayar da kuɗi, ta yadda mahaifiyarmu da ba ta jin Turanci za ta san abin da za ta tambaya idan ta tsaya a gaban kanta.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.