Daga Karofin Kura Zuwa Ɗakin Semina: Tarihin Rigar Da Muke Jin Nauyin Sawa

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i wani ƙanenmu da ke shekarar ƙarshe ya same ni a hostal. Mako mai zuwa zai kare aikin bincikensa, wai yana neman wanda zai ara masa kwat da laktaye. Na ce, ba kai ne ka ɗinka sabon kaftani da Sallah ba? Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, “Yaya, ba na so in shiga su ga Aboki kafin su ga ɗalibi.” Ban yi masa dariya ba, domin ni ma na yi haka. Zangona na farko a mastas, hulunana uku na ƙasan akwati har suka yi funfuna. Dalili kuwa, a makona na farko wani ya tare ni a bakin fakalti ya tambaye ni nawa nake canza dala. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma abin ya zauna min a rai.

Wanda ya sa na fito da hulunan wani dattijon farfesa ne, Bayerabe. Ranar wata Juma'a na sa tsohuwar babbar rigar mahaifina za ni masallaci, muka haɗu a matakala. Ya tsayar da ni, ya nuna aikin da ke ƙirjin rigar ya ce, mene ne sunan wannan? Wallahi na yi tsuru-tsuru. Shi ya gaya min aska takwas ce, ya ce kakansa ma yana da irinta da aka kawo daga Ilori. Kunyar da na ji a ranar ta fi ta mai neman canjin dala. Tun daga nan na shiga karance-karance, ga kaɗan daga abin da na samu.

Mu fara da Kano. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa kayan saƙa da rini da ƙasar Kano ke samarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma abin da ake kaiwa Tumbutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 duk shekara. Kayan na kaiwa Murzuƙ da Gat har Tarabulus. A wancan lokacin mu ke tufatar da wasu, auduga tamu, baba namu, masu aikin ma namu.

Kuma riga ɗaya hannaye da yawa take bi. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa siraran ƙyallaye, wani faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Maɗinki ya jera su ya haɗa ɗaya bayan ɗaya. Idan ta rini ce a kai karofi, inda marina ke haɗa baba da toka da katsi a rami mai zurfi, a bar shi kwanaki ya nuna, sannan a yi ta tsomawa ana fitarwa tana shan iska har shuɗin ya kama. Daga nan sai mabuga: a ɗora ta a kan gungume, a zuba shuni, a yi ta bugu har ta riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Garin Kura ya yi suna a wannan aiki, shi ya sa har yau ake cewa rawani ɗan Kura, kuma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa daga wannan yanki yake fita. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa an kafa shi tun 1498, yana nan ga mai son gani da idonsa. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Kano, a kan wannan sana'a ta rini ya yi digirinsa na uku a 1975.

Akwai abin da ba ma son faɗi amma tarihi ne: wani ɓangare mai yawa na audugar nan da baban nan bayi ne suka noma su a gandaye da rinjoji. Idan za mu yi alfahari da rigar, mu san har da guminsu a ciki.

Sai batun jihadi. Kun san tufafi na cikin abin da ya hura wutar rikicin Gobir? Sarki Nafata, cikin dokokin da ya kafa wa jama'ar Shehu Usmanu, har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi, domin shigar ta zama alamar da ake gane mabiyan Shehu da ita. Bayan 1804 da Daular Sakkwato ta kafu, riga da rawani suka zama harshen mulki. Sarki zai naɗa hakimi, sai ya ba shi riga da rawani da alkyabba, ai shi ya sa har yau muke cewa “naɗi”. Gaisuwar da masarautu ke aikawa Sakkwato da Gwandu akwai riguna a ciki. Malami ya yi abin kirki, riga ce tukwicinsa.

A nan ne rigar ta zama ta kowa. Daular ta haɗa Kano da Zazzau da Bida da Ilori a kasuwa ɗaya, sai ka ga an saƙa ƙyalle a wani gari, an yi aikin allura a wani, an sayar a na uku. Nufawa su ne gwanayen aiki, kuma girken Nufe na cikin rigunan da suka fi daraja. Masu zana aikin kuwa galibi malamai ne da gardawa, mutanen da hannunsu ya saba da alƙalami da zayyanar allo. Su ke fitar da aska biyu, aska takwas, tambari da gidan biyar, sannan a bi da allura, wata rigar sai ta yi watanni ana aikinta. David Heathcote, da ya koyar a jami'ar Zariya, ya yi shekaru yana bin masu wannan aiki yana rubuta sunayen zane-zanensu. Ita kuma Colleen Kriger ta bi diddigin rigunan daular da ke ajiye a gidajen tarihin Turai.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni mamaki, kuma ya shafe mu kai tsaye mu da ke zaune a ƙasar Yarabawa. Manyan rigunanmu na da iri uku suka fi fice: saƙi, mai shuɗi da ɗigo-ɗigon fari kamar zabuwa, tsamiya, wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa da ke zama a bishiyar tsamiya, da masu jan alharini, siliki da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. To ku tambayi abokanku Yarabawa manyan nau'o'in aso-oke na gargajiya. Za su ce etu, sanyan, alaari. Etu a harshensu zabo ke nan, saƙi ce. Sanyan tsamiya ce. Alaari kuwa da alharini tushensu ɗaya, kalmar Larabci ta siliki. Agbadarsu da babbar rigarmu 'yan ɗaki ɗaya ne. Hular da suke kira abeti-aja, wato kunnen kare, ku ɗora ta kusa da haɓar-kada ku gani. Hatta 'yar cikinmu ta shiga Yarabanci a matsayin dansiki, daga nan ta haye teku, baƙaƙen fatar Amurka suka riƙa sa ta a shekarun 1960 da sunan dashiki don nuna alfahari da asalinsu. Wato abin da ƙanenmu ke tsoron shiga da shi gaban malamai, wasu a Harlem sun sa shi don su ɗaga kai.

Kuma ba jiya muka zo nan ba. Fatakenmu na goro da shanu sun daɗe suna bin wannan hanya, Sabon Ibadan an kafa ta ne a wajajen 1916, kuma Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1969.

Kayan haɗin shiga ma suna da nasu labarin. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu ke jemewa da bagaruwa, raƙuma ke kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Dukawanmu kuma suna yin takalma da zabira da gafaka da ita. Zabirar kakanka ita ce walat ɗin zamaninsa, gafakarsa ita ce jakar laftof.

To ina aka samu matsala? Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, yadin Manchesta mai araha ya cika kasuwa, manomi ya koma gyaɗa. Daga baya aka yi yunƙurin farfaɗowa ta hanyar inji: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano, dubban mutane suka samu aiki. Zuwa shekarun 2000 yawancinsu sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri. Yau shaddar da muke tinƙaho da ita, Getzner, a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, mai sauƙin kuɗin kuma daga Sin take zuwa Kantin Kwari. Ɗinkin namu ne, yadin na wasu.

Duk da haka shigar ba ta mutu ba, kuma 'yan bokon farko ne suka riƙe ta. Ranar 7 ga Oktoba 1960 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da babbar rigarsa lokacin da aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. A Yulin 1961 ya je Amurka wurin Kennedy da irin shigar nan, bidiyon na YouTube, ku je ku ji Turanci. Malam Aminu Kano ya zaɓi shiga mai sauƙi irin ta talaka, kuma wannan ma saƙo ne. Hular da muke kira zanna, sunan Zanna Bukar Dipcharima ta ɗauka, ministan Jamhuriya ta Farko daga Borno. Shagari ya zo a 1979 da doguwar hularsa har aka riƙa kiranta da sunansa. Su ma Awolowo da Azikiwe da manyan riguna suka yi gwagwarmayar neman 'yanci. A lokacin, kwat ita ce shigar mai mulkin mallaka.

Na san wani zai ce, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Da gaskiyarsa. Masu karatun lauya da likitanci da masu shiga ɗakin gwaji suna da ƙa'idar shiga, a bi ta. Idan sashenku ya rubuta cewa sai da kwat za a kare aiki, a sa kwat, ba a jayayya da mai riƙe da makinka a kan hula. Akwai kuma lokutan da gari ke ɗaukar zafi, ana kallon duk mai kaftani da wani ido, a irin wannan rana tsaron rai ya fi ado. Ni ma ina da kwat ɗaya, ina sa ta. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ɓoye tufarsa don yana ganin ta jahilai ce. Mai tura baro da mai gyaran takalmi da ake kira Aboki, da irin shigarmu suke yawo. Duk ranar da mu da ke aji muka tuɓe ta, mun tabbatar wa mutane cewa mai kaftani ba ya shiga aji ke nan, kuma mun bar 'yan uwan nan su kaɗai da sunan.

Ga mai son shigar da za ta fitar da shi kunya a nan, ga abin da na koya. Kaftani biyu ko uku masu launi natsattse, fari, ruwan toka, shuɗi mai duhu, sun fi guda goma masu walƙiya. Zafin nan mai gumi ne, yadi mara nauyi ya fi shadda mai sitaci a ranakun lakca. Tela ya auna kafaɗa da tsawon hannu da kyau, aikin wuya ya zama kaɗan. Hula ta ɗauko launi ɗaya daga jikin kayan, kada a sa ta a leda domin danshin Kudu na kashe ta, a riƙa shanya ta a inuwa, in ta yi datti a kai Sabo wurin masu wankin hula su dawo mata da karinta. Takalmi rufaffe na fata, a goge shi. Agogo mara hayaniya. Turare kaɗan, don Allah, ajin ba na mutum ɗaya ba ne. Babbar riga kuma a bar wa Juma'a da Sallah da ranar yaye ɗalibai.

Shi dai ƙanen namu na ce ya fara zuwa ofishin sashensu ya tambaya ko akwai doka. Jiya ya dawo ya ce babu, abin da aka ce kawai shiga ta mutunci, ta gargajiya ko ta Turawa. Bai yanke shawara ba tukuna. Na ajiye masa kwat ɗina, na kuma ajiye masa hulata zanna da na fi so, duk wadda ya ɗauka ba zan ce komai ba. Na dai ce masa ya zauna ya san babi na huɗu kamar tafin hannunsa, don shi za a tambaye shi.

Idan an tafi hutu, a tambayi Baba ko Kaka ina tsohuwar rigar gidan take, a tambayi sunan aikin da ke jikinta da wanda ya yi shi, kada wani farfesa ya tare ku a matakala kamar yadda aka yi min. Wanda ya san sunan wani aiki ko wata hula ta garinsu da ban ambata ba, musamman 'yan Borno da Bida da Adamawa, ya ƙara mana, ni ma koyo nake.

Allah Ya ba shi sa'a ranar Talata, Ya ba mu ikon gama abin da ya kawo mu, Ya mai da mu gida lafiya.