2.2 Taƙaitaccen Tarihin Samuwar Rediyon Jami'a a Arewacin Nijeriya

Kafin a yi bayani a kan rediyon jami'a, ya kamata a waiwayi yadda rediyo ya shigo ƙasar Hausa. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo rediyon waya garin Kano a shekarar 1944, wanda ake sauraro ta akwatin da aka jona a gidaje da dandali. A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Ta wannan gida ne manoman Mairuwa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka saba da sauraron shirye-shiryen noma cikin harshen Hausa.

Tsawon wannan lokaci gwamnati kaɗai ke da ikon mallakar gidan rediyo. Wannan ya sauya ne a shekarar 1992, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC domin tantance masu neman lasisi. Raypower ya fara aiki a Legas a shekarar 1994, ya zama na farko mai zaman kansa. Jami'ar Legas ce ta fara samun lasisin rediyon jami'a a shekarar 2002, ta kuma soma watsa shirye-shirye a 2004. Daga baya aka sami BUK FM a zango 98.9 a Jami'ar Bayero, Kano, da kuma ABU FM a zango 101.1 a Samaru, Zariya.

Babbar manufar irin waɗannan tashoshi ita ce koyar da ɗalibai aikin jarida a aikace, don haka na'urarsu ba ta da ƙarfi. Bugu da ƙari, zangon FM ba ya cin dogon zango kamar gajeren zango, domin nisansa ya dogara ne ga tsawon eriya da ƙarfin na'ura.

A nan ne matsalar take. Samaru ce mazaunin Cibiyar Binciken Aikin Gona, inda ake inganta irin auduga da masara da dawa, amfanin da mutanen Mairuwa suka dogara a kansu. Amma tashar da ke maƙwabtaka da cibiyar an yi ta ne domin harabar jami'a da unguwannin kewaye. A ra'ayin mai wannan bincike, muddin ba a kafa ƙananan tashoshi a karkara waɗanda za su riƙa karɓar shirye-shirye daga jami'a ba, manomin da aka yi binciken dominsa shi ne zai zama na ƙarshen ji.