Tarihin Hukuncin Rijiya a Ƙasar Kajiji

Ku sani, ya ku ma'aikata, ƙasar Kajiji daminarta gajera ce, raninta dogo. Da kaka ta wuce, tafkuna suka ƙafe, sai rijiya ta zama ran mutum da dabba.

A zamanin En'en Sakkwato, dagaci ke raba rigimar bakin rijiya tsakanin manomi da makiyayi. In ta fi ƙarfinsa sai a kai gaban alƙali, shi kuwa ya yi hukunci bisa mazhabar Malikiyya, watau ba a hana mai ƙishirwa ruwa, ba a kuma haƙa rijiyar da za ta janye ruwan ta maƙwabci.

Farin 1973 ya ƙafar da rijiyoyi masu yawa. A 1976 aka rushe En'e. Bayan haka burtsatse ta yawaita, inji ya gaje guga. Doka ta 101 ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ya ratsa jihohi, amma ta bar wa talaka na sha da na dabbobi kyauta.

To, hukuma tana Abuja, rijiya tana Kajiji. In mai hali ya kafa inji, rijiyar ƙauye ta janye, wurin wa talaka zai kai ƙara? Wassalam.