Zabo: Matsayinsa a Cikin Tsuntsaye da Asalin Sunansa na Kimiyya

Zabo tsuntsu ne da ba ya buƙatar gabatarwa a ƙasar Kano. Ana kiwonsa a ƙauyuka, ana kuma samunsa a gidajen cikin birni, kamar a Tudun Wada, Gama da Dakata na Ƙaramar Hukumar Nassarawa, kuma idan damina ta kankama dafaffen ƙwan zabi yakan cika tashoshin mota. Mun tanadi wannan bayani ne domin manoma, malaman gona da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda suke cin karo da sunan Numida meleagris a takardun aiki, a jikin kwalaben magani ko a rahotannin gandun daji, ba tare da an taɓa faɗa musu ma'anarsa ba.

Yadda masana suka jera shi

Masana halittu suna jera dabbobi ne kamar yadda muke jera dangi, daga babbar zuriya zuwa gida guda. Zabo yana cikin ajin tsuntsaye. A ƙarƙashin ajin yana cikin rukunin da ake kira Galliformes, wato rukunin kaza, talotalo, ɗawisu da fakara, tsuntsaye masu nauyin jiki da ƙarfin ƙafa, waɗanda suke tonon abinci a ƙasa kuma ba sa tashi sai dole ta sa. A cikin wannan rukuni zabi suna da iyalinsu na kansu mai suna Numididae, kuma asalin 'yan wannan iyali duka nahiyar Afirka ce.

An daɗe ana ƙirga nau'i 6 a cikin iyalin, waɗanda aka raba gida 4. Namu shi kaɗai ne a gidan Numida. Gidan Acryllium ma nau'i ɗaya ne, mai kai kamar na ungulu, wanda ake samu a Habasha, Somaliya da Kenya. Sauran gidajen biyu, Guttera da Agelastes, mazauna kurmi ne. 'Yan Guttera suna da tukkun gashi a ka, kuma ana samunsu a kurmin kudancin Nijeriya. A 'yan shekarun nan wasu masana sun raba ɗaya daga cikinsu zuwa nau'i 3, shi ya sa lissafin littattafai yake saɓawa. Baƙin zabon kurmi, Agelastes niger, yana zaune daga kudu maso gabashin Nijeriya zuwa Kwango, ɗan'uwansa mai farin ƙirji kuwa yana kurmin Saliyo, Laberiya, Kodebuwa da Gana, inda sarar itatuwa da farauta suka rage yawansa ƙwarai.

Asalin sunan

Wanda ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna mai kalma biyu shi ne Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1778. A bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, ya sanya zabo a gidan Phasianus, tare da kaza. A 1764 ya sake dubawa, ya ware masa gida na daban, ya kira shi Numida.

Kalmar ta fito ne daga Numidiya, tsohuwar daular Berber a yankin da yanzu yake gabashin Aljeriya da yammacin Tunisiya. Daga wannan ɓangare ne Rumawa suke samun tsuntsun, har suke kiransa kazar Numidiya ko kazar Afirka. Wani marubucinsu kan harkar noma mai suna Columella, wanda ya rayu a ƙarni na farko Miladiyya, ya bambanta iri biyu, mai ja a ka da mai shuɗi. Abin lura shi ne wannan bambanci yana nan har yau: zabon Afirka ta Yamma leɓensa ja ne, na wajen Sudan da Habasha kuwa shuɗi. Arewacin Afirka da ya ba da sunan shi ne ya rasa tsuntsun, domin irin da ya saura a dajin Maroko an daina ganinsa tun wajen shekarun 1950.

Kalma ta biyu, meleagris, daga tatsuniyar Girkawa take. Sun ce wani jarumi mai suna Meleager ya mutu, 'yan'uwansa mata suka yi ta kuka ba sassautawa har aka mayar da su zabi, hawayensu kuma suka zama fararen ɗigon da ke jikin gashin. Tatsuniya ce ta mutanen da suka gabata, ba abin gaskatawa ba, amma ta nuna abin da ido yake fara kamawa a jikin zabo. Masaƙanmu ma wannan zane ne ya burge su, kamar yadda duk wanda ya riƙe rigar saƙi zai shaida.

A nan ne ruɗani ya shigo, kuma muna jan hankalin masu cike takardu a kansa. Fatake 'yan Fotugal sun kai zabo Turai daga gaɓar Gini a ƙarni na 15, abin da ya sa sunansa na Ingilishi yake nufin kazar Gini, na Faransanci kuma, wanda ake ji a Maraɗi da Damagaram, ya samo asali daga kalmar Fotugal mai nufin wanda aka yi wa zane. Ba da daɗewa ba aka kawo talotalo daga Amurka, mutanen Turai suka riƙa cakuɗa su. Linnaeus da kansa ya ɗauki tsohon sunan zabo ya laƙaba wa gidan talotalo. Saboda haka Meleagris gallopavo talotalo ne, Numida meleagris kuma zabo. Idan kalmar ta zo da fari da babban baƙi, talotalo ake nufi. Idan ta zo a baya da ƙaramin baƙi, zabo ne. Kuskure a nan yana iya ɓata ƙidayar dabbobin ƙaramar hukuma, ko ya sa a karanta ma'aunin maganin wani tsuntsu a ba wani.

Zabon gida da na daji

Irin da muke da shi a Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ana ƙara masa kalma ta uku, galeatus, wato mai kwalkwali, saboda ƙashin da ya tsiro a tsakar kansa. Bajamushe Peter Pallas ne ya bayyana shi a 1767. Daga wannan iri ne zabin gida na duniya suka fito, don haka zabuwar da ke bayan ɗaki da wadda ke yawo a dajin Falgore nau'i ɗaya ne, ko da ta gida fara ce ko toka-toka. Dajin Falgore ya shafi Ƙaramar Hukumar Tudun Wada ta kudancin jihar, wadda bai kamata a haɗa ta da unguwar Tudun Wada ta Nassarawa ba. Da kaza kuwa iyalinsu daban. Ƙwan zabuwa yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28 kafin ƙyanƙyasa, na kaza 21, shi ya sa mai kiwon da ya sanya wa kaza ƙwan zabi tare da nata a rana ɗaya yakan yi asara, don tana iya tashi da tsakinta ta bar sauran su yi sanyi.

Maƙwabtansa biyu

Fakara, wadda wasu ke kira makwarwa, tsofaffin littattafai suna rubuta ta Francolinus bicalcaratus, amma yanzu an mayar da ita gidan Pternistis. Kalmar bicalcaratus tana nufin mai ƙaya biyu a ƙafa. Kazar dutse kuwa Ptilopachus petrosus ce, kuma petrosus na nufin ta duwatsu, daidai da sunan da Bahaushe ya ba ta. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa danginta na kusa suna nahiyar Amurka, a iyalin Odontophoridae.

Wajen rubutawa, kalmar farko tana ɗaukar babban baƙi, ta biyu ƙarami, kuma a takardar hannu ana ja musu layi. Cikakken sunan zabo shi ne Numida meleagris (Linnaeus, 1758). Bakan da ya kewaye sunan masanin alama ce cewa an sauya wa tsuntsun gida bayan suna na farko, don haka kada mai buga takarda ya cire shi.