Kirsimeti a Ƙasar Adar: Bikin da Ya Girma Cikin Wahala

A ƙasar Adar da kwarin Majiya, daga Deule zuwa Buza, Kaita da Madawa, Disamba watan hunturu ne. Hazo ya lulluɓe duwatsu, gero ya shiga rumbu, masu lambu sun duƙufa kan albasa, samari suna ɗaure kayan cin rani. Cikin wannan ɗari ne 'yan tsirarun Kiristocin yankin ke bikin haihuwar Yesu Almasihu. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, amma 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar baki ɗaya.

Masu bishara na ƙungiyar SIM ne suka fara kafa sansani a Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bakin da talaka ke ji. Amma abin da ya kusanto da bikin ga Adarawa shi ne asibitin Galmi, wanda Dakta Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe a 1950, a kan babbar hanyar Birnin Konni zuwa Madawa. Mutanen karkara da yawa ba a majami'a suka fara sanin Kirista ba. A bakin gadon majinyaci suka san shi, yana ɗaure rauni ko yana karɓar haihuwa cikin dare. Cuta ba ta san ranar biki ba, don haka ko ran Kirsimeti akwai malamin asibitin da zai baro waƙoƙi da ganguna ya koma kan mai naƙuda.

Da ƙasa ta sami 'yanci a 1960, ragamar ikilisiya ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Bikin ya ɗauki kamannin gida: mata cikin anko, waƙa da Hausa, shinkafa da miya a langa, yara suna kaiwa gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma ake aiko musu da naman layya.

Sai shekarun yunwa suka biyo baya. Farin 1973 da 1974 ya karkashe dabbobi. Na 1984 ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, wanda ya rufe iyakar. A wannan shekarar ne aka fara aikin farfaɗo da ƙasar Kaita da taimakon Italiya, inda mata suka yi ta dakon duwatsu don tare zaizayar ƙasa. Bayan fari da farar 2004, yunwa ta sake dawowa a 2005. A irin waɗannan shekaru babu rago, babu sabon ɗinki. Abin da ya rage shi ne ainihin labarin: jaririn da aka haifa a kan tafiya, a zamanin mulkin Romawa, aka kwantar da shi a komin dabbobi don babu masauki, iyayensa kuma suka gudu da shi Masar saboda takobin sarki Hirudus. Wanda ya taɓa barin gida da yunwa a bayansa ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ga Kirista, ma'anar a fili take: Allah bai jira duniya ta daidaita ba kafin ya kusanci mutane, cikin ƙunci ya zo musu.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, makonni uku bayan Kirsimeti. Zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. Shugabannin ikilisiya suka yi kira ga yafiya, ba ramuwa ba, kuma an sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Jihar Tawa ma, inda Adar take, ba ta tsira daga tsoro ba. A Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tiliya, kuma jinin Musulmi ne ya fi zuba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumi ya sake rufe iyaka, aka yi Kirsimetin shekarar cikin tsadar abinci da ƙarancin magani da ɗaukewar wuta.

Sama da shekara ɗari ke nan tun zuwan masu bishara Damagaram, bikin bai taɓa zama na wadata ba, kuma bai mutu ba. Abin da ya riƙe shi jinya ce, da ciyarwa, da yafiya. Don haka ɗan'uwa Kirista, idan Disamba ta zo kada ka auna bikinka da girman tukunya. Ka nemi gwauruwa da maraya da ɗan gudun hijira. Kai kuma maƙwabcinsa Musulmi, ka karɓi langarsa, ka tsare masa ƙofarsa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma ku biyun ne za ku tsare shi.